Faifai Uku na Denzil da Orpha

Denzil Eversole da ƙanwarsa Orpha faifai uku suka yi a duniya. Ni na ɗauki na farko da na ƙarshe. Na tsakiyar a Nashville aka yi shi, kuma shi ne ya raba su.

Sunana Garland. A wancan zamanin ina aiki a ƙaramin gidan rediyon garinmu, Tolliver, cikin duwatsun gabashin Kentucky. Ni ne mai kunna inji, ni ne mai karanta sanarwar rasuwa da farashin aladu, in wani abu ya lalace kuma ni ne mai gyara. Ran Lahadi da safe coci-coci ke zuwa bi da bi, kowa da fastonsa da mawaƙansa. A nan na fara jin su, sun biyo faston wata 'yar coci da ke kan tudu.

Denzil ƙato ne mai faɗin kafaɗa, tun yana saurayi yake aiki a ramin kwal. Komai wankan da ya yi, baƙin ƙurar ba ya barin gefen idanunsa, sai ka ce ya sa kwalli. Bakinsa ba ya hutawa da barkwanci. Orpha siririya ce mai kunya, in kana mata magana ƙasa take kallo. Ita ce autar gidan, shi ya sa Auta yake kiranta, ita kuma ta ce masa Yaya. Shi ke kaɗa jita yana jan waƙa, ita tana binsa ta sama da 'yar siririyar murya. In suka haɗu a kan kalma ɗaya, ba ka iya cewa ga tasa ga tata.

Waƙoƙin ba na littafin coci ba ne. Denzil ke shirya su a kansa yana can ƙarƙashin ƙasa, in ya fito ya rera wa Orpha a kicin ɗin mahaifiyarsu, ita ta nemo nata ɓangaren. Akwai ta mutumin da ke addu'a a bakin rami kafin ya sauka. Akwai ta matar Bitrus tana jiran mijinta ya dawo daga kamun kifi, abinci yana hucewa. Wasu dattawan coci sun ce wannan ba waƙar yabo ba ce, hira ce. Amma in aka sa su a rediyo, mata kan bugo waya su ce a maimaita.

Ni na ba su shawarar yin faifai. Wata Asabar da rana, cikin tsananin zafi, muka kulle kanmu a ɗakin watsa shiri, muka kashe fanka don kada ƙararta ta shiga. Makirufo ɗaya gare mu. Muryar Denzil ta fi ƙarfinsa, na yi ta matsar da shi baya har ya kusa ƙofa, ita kuma Orpha na ɗora ta a kan akwatin lemo don bakinta ya kai.

"Garland," in ji Denzil, "in ka ƙara matsar da ni sai dai in rera daga bakin titi."

Kafin la'asar mun gama. Kusan kowace waƙa sau ɗaya suka yi ta. A cikin ta matar Bitrus wata motar kwal ta wuce da rugugi, na ce a sake. Denzil ya ce a bar ta, ya san ƙarar motar, ta ɗan kawunsu ce, shi ma ya samu ya shiga faifai. Haka aka bar ta. Na aika tef ɗin wani kamfani a Ohio aka buga mana 'yan ɗaruruwa, da hotonsu a bango suna zaune a barandar mahaifiyarsu. A bayan a-kori-kurar Denzil suka riƙa sayar da shi, a harabar coci-coci da wuraren taron wa'azin farkawa. Bai fita daga duwatsunmu sosai ba, amma a nan cikin da wuya ka shiga gida mai na'urar faifai ka rasa shi.

Bayan 'yan shekaru zamani ya juya. Samari da 'yan mata masu dogon gashi a birane suka fara son waƙoƙin Yesu da jita kawai, ba ganga ba komai. Wasu ɗalibai da suka zo gyaran rufin gidajen tsofaffi lokacin hutu suka tafi da faifan, ya yi ta yawo daga hannu zuwa hannu har ya faɗa hannun wani mutum mai suna Pruitt, na wani ƙaramin kamfanin faifai a Nashville. Ya zo har Tolliver da fararen takalmansa, ya ci wake da burodin masara a gidan Mama Zilpha, mahaifiyarsu, ya ce a rayuwarsa bai taɓa jin murya biyu da suka dace haka ba. Ba mugun mutum ba ne, kuma na yarda gaskiya ya faɗa.

Ni na kai su a motata, don ta Denzil ba za ta kai ba. Situdiyon ya ba mu tsoro. Aka sa kowannensu a ɗan ɗakinsa na gilashi, aka toshe musu kunne da abin sauraro. Denzil ya ce shi ba ya iya waƙa in ba ya ganin bakin Auta, aka ce masa zai saba. Aka fara. Can sai Pruitt ya tsayar, ya ce Denzil ya ɗan ja ƙarshen baitin, don ya yanke shi da wuri. Aka sake. Aka kuma tsayarwa. Denzil ya sha ruwa, ya ce laifinsu ne da suka rufe shi a akurki kamar kaza, kowa ya yi dariya. Ina zaune a bayan gilashi na ga yadda ƙirjinsa ke hawa da sauka tsakanin baiti da baiti, amma na ɗauka gajiyar hanya ce.

Ran Lahadi ni da shi muka kamo hanyar gida, don yana da aiki Litinin. Orpha ta tsaya, aka ce akwai 'yan gyare-gyare a ɓangarenta. Da ta dawo a bas bayan 'yan kwanaki, ba ta da magana. Amma da ma ita ba mai magana ba ce, ba wanda ya kula.

Faifan ya iso da kaka, ganyaye sun fara ja. Aka shirya za a saurara a gidan Mama bayan an tashi daga coci. Nola, matar Denzil, ta soya kaji. Ni na kawo na'ura. Denzil ya riƙe bangon faifan yana nuna wa kowa hotonsa cikin kwat ɗin aro, yana cewa ashe shi ma kyakkyawa ne, ba a dai taɓa wanke shi da kyau ba.

Na ɗora allura. Goge ne suka fara fitowa, da yawa, waɗanda ba mu ji lokacin da muke can ba. Sai muryar Orpha, tas da ita. Sai kuma muryar namiji ta shigo, mai laushi, mai santsi, tana jan ƙarshen baiti har inda ake so.

Mama ta ɗago kai ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. "Wannan kuma wane ne?"

Ba muryar Denzil ba ce. Na kai hannu zan ɗage allurar, Denzil ya yi mini alama in bari. Haka muka zauna har gefen farko ya ƙare, kaji suna hucewa a faranti. Sannan ya ajiye bangon a kan tebur, ya juya wajen ƙanwarsa.

"Auta, kin sani?"

Ta fara bayani cewa Pruitt ya ce gwaji ne kawai, ya ce wataƙila a waƙa ɗaya ko biyu. Denzil ya ce ba abin da ya tambaye ta ke nan ba.

"Na sani, Yaya," in ji ta. Da ta tsaya nan, wataƙila da abin ya zo da sauƙi. Amma ta ci gaba, tana kallon tafin hannunta. "Sun kunna mini muryarka ita kaɗai, ba jita ba komai. Numfashinka ba ya kaiwa ƙarshe. Da kunnena na ji."

Nola ta dubi mijinta, Mama ma shi take kallo. A garinmu ba wanda bai san ma'anar numfashin mai aikin rami ya fara gajarta ba. Mahaifinsu da shi ya tafi. Denzil ya miƙe, ya ɗauki hularsa, ya ce bari ya duba motarsa, ya ji tana wata ƙara da safe. Muka ji ya tayar da ita ya tafi. Ni na kai Nola da yara gida.

Daga ranar bai sake yi wa Orpha magana ba. In ta shigo gidan Mama ta ƙofar gaba, shi ya fita ta baya. Jitar ya sa ta a akwatinta ya tura ƙarƙashin gado. Ko a coci ya daina buɗe baki, sai dai ya riƙe littafin waƙa yana kallon taga. Kamfanin ya so Orpha ta zagaya birane da mutumin da ya yi muryar, ta ƙi. Faifan bai yi kasuwa ba. Masu dogon gashin da suka so na farko saboda ba ado a cikinsa suka ce wannan ba shi ba ne, mutanenmu kuma daga baiti ɗaya suka gane ba Denzil ba ne. Wasu a coci suka daina gaida Orpha. Kafin shekara ta zagayo ta auri wani mai suna Clovis da ke aiki a masana'antar firji a birnin Dayton, ta bi shi can.

Denzil ya ci gaba da sauka rami. Yakan biyo gidan rediyo wani lokaci ya zauna muna shan kofi, ya yi barkwancinsa kamar da, amma in na ɗauko zancen waƙa sai ya tuna yana da wani uzuri. Da Mama Zilpha ta rasu, Orpha ta zo. Suka tsaya shi a wannan gefen kabari ita a wancan. Fasto ya dube su, kowa ya dube su, don a da ba a taɓa binne wani a tudun nan ba su biyun ba su rera ba. Ba su rera ba. Wata tsohuwa ce ta ja waƙa da muryarta mai karkarwa, muka bi ta. Orpha ta koma Dayton a ranar.

Shekaru suka wuce, kusan goma. Na bar gidan rediyo na buɗe shagon gyaran rediyo da talabijin, na ajiye tsohuwar rikodata a ɗakin baya. Denzil ya bar rami, ko in ce ramin ya bar shi, don ya kai ba ya iya tafiya daga mota zuwa bakin aiki sai ya tsaya. Likita ya faɗa masa abin da kowa ya riga ya sani, ƙurar kwal ta cinye huhun. Aka kawo masa tulun iskar asibiti da 'yar roba a hanci.

Wata safiya Nola ta zo shago ta ce yana nemana, kuma ya ce in taho da injina. Na same shi a baranda cikin kujera, bargo a gwiwa ko da yake ba sanyi. Ƙaton nan ya zube, rigarsa ta yi masa yawa. Ya ce tun da ya daina aiki waƙoƙi ke damunsa, suna zuwa ba ya kiransu, kuma ba ya so ya tafi da su. Na tambaye shi wa zai yi masa ɓangaren sama. Ya dubi dutsen da ke gaban gidan.

"Kai ka buga mata waya," in ji shi. "In ni na buga, kafin in gama zaginta numfashina ya ƙare."

Na buga da yammar ranar. Ban gama bayani ba, ta tambaye ni ko shi ya ce ko ni ne nake shirya abina. Na ce shi ya ce. Sai ta ce za ta hau bas ɗin jibi.

Ni na ɗauko ta a tasha. Furfura ta fara fito mata. Duk hanya ba ta ce komai ba sai tambayar wane ya mutu, wane ya tashi. Da muka tsaya a ƙofar gida ta daɗe a mota kafin ta fito. Ya bi ta da ido tana hawo matakalar baranda.

"Kin yi ƙiba," in ji shi.

"Kai kuma ka zama tsinke."

"Abincin Nola ne. Tun da Mama ta tafi ban ci wake mai daɗi ba."

Nola ta leƙo daga ciki ta ce ta ji shi, kuma yau sai dai ya dafa da kansa. Orpha ta yi dariya, dariyar ta juye kuka, ta durƙusa ta kifa kai a kan bargon da ke gwiwarsa. Ya ɗora hannu a kanta. Na koma mota na yi kamar ina neman wayar inji a cikin akwati.

A falo muka yi aikin. Da hantsi muke farawa, don lokacin ne ƙirjinsa ke ɗan sakinsa. Nola ta tsayar da agogon bango, ta kai kare gidan maƙwabta. Makirufo ɗaya na kafa, suka zauna gwiwa da gwiwa. Yanzu shi nake matsowa kusa, ita in ja ta baya. Yatsunsa ba su manta jita ba, amma muryar ta koma ƙasa, ta yi kaushi. Zai cire robar hancin, ya rera layi ɗaya ko biyu, ya ɗaga hannu in tsayar, ya mai da robar ya zauna ido rufe. In ya dawo daidai mu ci gaba daga inda aka tsaya. Da yamma in koma shago in yanka tef da reza in haɗa.

Ranar farko abin bai yi ba. Yana yankewa kafin ƙarshen layi, ita kuma ta tsaya tare da shi kamar yadda suka saba, sai a bar rami a tsakiyar waƙa. Ya fusata, ya ce in kwashe kayana, wauta ce ya yi da ya kira mu. Orpha ta ce ya sake gwadawa sau ɗaya. Da ya kai inda numfashin ke ƙare masa, ita ba ta tsaya ba. Ta sauko daga samanta ta kama kalmar da ya saki, ta riƙe ta har ya ja iska, sannan ta jira shi suka shiga layi na gaba tare. Ba su taɓa yin waƙa haka ba. Ya buɗe ido ya dube ta.

"A Dayton aka koya miki wannan?"

"Rera kawai, Yaya."

Daga nan aikin ya kama hanya. Wata rana mu samu rabin waƙa, wata rana ko layi ɗaya ba ma samu, sai mu zauna Nola ta kawo kofi. Orpha ta tare a ɗakin yara, waɗanda duk sun girma sun tafi. Clovis yakan bugo yana tambayar yaushe za ta dawo, ta ce masa in an gama.

Zancen Nashville sau ɗaya ya taso, ina naɗe waya a gefe. Ita ta ɗauko shi. Ta ce ba ranar da ta wuce ba ta tuna ba, ta ce da ta tashi ta fita daga situdiyon nan ta bar musu faifansu. Ta ce tsoro ta ji, ita kaɗai cikin maza masu kwat, kuma abin da ta ji a tef ɗin ya fi su tsorata ta. Ya bar ta ta gama.

"Ni ma na sani," in ji shi. Ya tsaya ya ja iska. "Tun kafin mu je. In ina hawa tudun coci sai na tsaya a hanya, in yi kamar ina ɗaura takalmi. Faifan bai dame ni kamar yadda kike zato ba. Faɗar da kika yi ce, a gaban Mama."

Ta ce da ta yi shiru. Ya ce da ta yi shiru ma da wani abin zai samu ya riƙe, don a lokacin neman wanda zai yi fushi da shi yake, kuma ba ya iya fushi da ramin da ke ciyar da 'ya'yansa. Ya ce shekarun nan shi ya zubar da su, ba ita ba. Sannan ya ce in daina tsayawa kamar gunki, in kunna inji.

Mun gama waƙa biyar kafin sanyi ya shigo. Ta shidan ta wani makiyayi ce da ya tsufa, ba ya iya hawa dutse neman tunkiyarsa, yana roƙon Ubangiji ya je a madadinsa. Baiti biyu muka samu. A farkon na uku Denzil ya tsaya, ya ce, "Bari in huta, Auta." Tef na juyawa, ya ɗauki maganar. Muka ce sai gobe. Da gari ya waye zazzaɓi ya rufe shi, aka kai shi asibiti. Ya dawo gida bayan Kirsimeti, amma ko magana sai da ƙyar. Na bar makirufon a kafe a falo, don Nola ta ce in na ɗauke zai gane. Ya rasu kafin dusar ƙanƙara ta gama narkewa a kan duwatsu, da rana, Orpha tana yanke masa farce.

A wajen jana'iza fasto ya tambaye ta ko za ta rera wani abu. Ta girgiza kai.

Bayan mako guda ta zo shago muka zauna a ɗakin baya na kunna mata abin da na haɗa. Ta saurari biyar ɗin hannunta a kan baki. Da muka zo ta shida na ce mata ya faɗa mata sauran baitocin, tana iya ƙarasawa ita kaɗai, in haɗa yadda ba wanda zai ga tabo. Ta ce a'a. Na ce to a cire ta. Ta ce a'a, a bar ta inda ya tsaya, har da maganar. Na yi yadda ta ce.

Zamanin faifai ya wuce a lokacin, a kaset muka buga. Ba mu sayar ba. Nola ta ajiye kwali a bayan coci, duk mai so ya ɗauka. Tsofaffin abokan aikinsa suka ɗiba, da yawansu su ma da robar a hanci. Wani ya gaya mini ya kunna a mota, da ya kai ƙarshe sai da ya tsaya a gefen hanya. Orpha ta ɗauki guda ɗaya ta koma wajen mijinta.

Ganina da ita na ƙarshe a ranar gyaran kaburbura ne, lokacin da dangi ke dawowa daga birane su share na iyayensu su sa furanni, a ci abinci a ƙarƙashin itatuwa. Ta tsufa, ni ma haka. Muka zauna a kan benci da farantanmu a cinya. Na tambaye ta ko tana waƙa a can. Ta ce ta gwada. Bayan rasuwar da shekara biyu ta shiga ƙungiyar mawaƙan cocinsu, don Clovis ya dame ta da cewa zaman shiru zai kashe ta. Amma ta kasa tafiya tare da su. Duk ƙarshen layi sai ta riƙe kalmar bayan kowa ya saki, sannan ta jira, sai ta shiga layi na gaba a makare. Ta yi ta ƙoƙarin dainawa, bakinta ya ƙi. Shugabar ƙungiyar, wata yarinya mai kirki, ta ja ta gefe ta tambaye ta a hankali ko ta je an duba mata kunne.

"Me kika ce mata?" na tambaya.

"Na ce zan je," in ji Orpha. "Ban koma ba."

Ta miƙa mini farantinta, ta ce in ci kazar, ita ba ta jin yunwa. Sannan ta tashi ta tafi taya Nola cire ciyawa.